Shin ILO ce ke yanke mafi ƙarancin albashi? Amsa ga sabon wakilin ma'aikata

Tambaya: Assalamu alaikum yallaɓai. An saka ni cikin wakilan ƙungiyarmu da za su zauna da gwamnati da masu kamfanoni kan mafi ƙarancin albashi, kuma wannan ne karona na farko. Kullum ina jin manyanmu na cewa sai an bi ƙa'idar duniya. Shin akwai wani adadi da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta yanke wanda dole kowace ƙasa ta biya? In babu, to mece ce ƙa'idar, kuma me zan riƙe in na shiga zaman?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya taya ka riƙo, dan wannan kujerar da aka ɗora ka a kai amana ce ta mutanen da yawancinsu ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba. Na yi shekaru ina aikin sufeton ƙwadago kafin a mayar da ni ɓangaren da ke haɗa takardu da alƙaluma na irin wannan zama, saboda haka abinda zan faɗa maka wani daga takarda ne, wani kuma ido ne ya gani.

Amsar farko dai a'a ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO mai hedikwata a Janiba, ba ta taɓa yanke wani adadi ba, ba dala kaza a rana ba kaza a wata. Duk wanda ya miƙe a taro yace ILO ta ce a biya kaza, ka tambaye shi cikin ladabi a wace yarjejeniya ce kuma sashe na nawa, ba zai iya nuna maka ba. Da gangan aka bar shi haka, tunda kuɗin da zai riƙe iyali wata guda a wata ƙasa ko hayar sati ba zai biya ba a wata. Abinda ILO ta shimfiɗa hanya ce, wa za a zauna da shi, me za a duba kafin a yanke, su wa dokar za ta shafa, yaushe za a sake dubawa, sannan wa zai bi sawu ya tabbatar kuɗin ya shiga aljihun mai shi. Ni a wurina waɗannan sun fi adadin kansa nauyi, kuma su ne ake mantawa da su in hayaniyar adadi ta kaure.

Maganar ma ta girmi ILO ɗin. Niyu Zilan ta fara a 1894, jihar Biktoriya ta Ostireliya ta biyo baya a 1896, Birtaniya a 1909 ta kafa hukumomi na wasu 'yan sana'o'i da ake tatsar mutane a cikinsu, irinsu ɗinki da ƙirar sarƙa. Da aka kafa ILO a 1919 bayan yaƙin duniya na ɗaya, tun a gabatarwar kundin tsarinta aka sa batun albashin da zai ishi mutum rayuwa, a 1944 kuma a taron Filadelfiya aka ƙara jaddada cewa ƙwadagon ɗan adam ba haja ba ne. Yarjejeniyar ILO ta 26 ta 1928 ita ce ta farko kan wannan batu amma ƙunci gareta, ta tsaya ne kan sana'o'in masana'antu da kasuwanci inda babu yarjejeniyar albashi kuma ladan ya yi ƙasa ƙwarai. Ta 99 a 1951 ta shigo da aikin gona. Wadda nake so ka buga a takarda ka sa a jakarka ita ce ta 131 ta shekarar 1970, tare da Shawara ta 135 da ke rakiyarta, wadda tun a sunanta an ce an yi ta ne da la'akari na musamman da ƙasashe masu tasowa. Sassan da ke da nama a cikinta biyar ne kacal, zama ɗaya za ka karance su. Yarjejeniya tana ɗaure ƙasar da ta rattaba mata hannu ne kaɗai, shawara kuwa jagora ce ba ta ɗaure kowa, kuma ƙasashe hamsin da 'yan kai ne suka rattaba wa ta 131 cikin mambobi 187. Amma kar wani ya rufe maka baki da cewa ai mu ba mu sa hannu ba, Birtaniya ma ba ta sa ba, kuma tsarinta na yau kusan a kan layin yarjejeniyar yake tafiya.

Zuciyar abin tana sashe na 3 na yarjejeniya ta 131, kuma kamar sikeli ne mai kwano biyu. Kwano na farko bukatun ma'aikaci da iyalinsa, ka lura da kalmar, da iyalinsa, ana duba yadda albashi yake a ƙasar gaba ɗaya, tsadar rayuwa, irin tallafin jin daɗin jama'a da ake samu, da yadda sauran rukunin al'umma suke rayuwa. Kwano na biyu yanayin tattalin arziki, bukatar ci gaba, yawan abinda ma'aikaci ke samarwa, da bukatar a samu ayyukan yi da yawa kuma su ɗore. Duk zaman da na halarta sai ka ga ɓangaren ma'aikata sun haddace rabin farko, masu kamfanoni sun haddace rabi na biyu, kowa yana karanto nasa da ƙarfi kamar ɗayan babu shi a takardar. Kai ka shiga da duka biyun a kanka. Wallahi ranar da ka riga su kawo hujjarsu da bakinka sannan ka amsa ta, ranar za su fara saurarenka.

Lissafin bukatu ba wani sihiri ba ne. Ana haɗa kwandon abinda iyali ke bukata a wata, abinci mai gina jiki gwargwadon ƙarfin da jiki ke nema, wurin kwana, sutura, magani, karatun yara, kuɗin mota zuwa wurin aiki, da ɗan abin ajiyewa saboda lalura, sai a bi farashinsu daga binciken hukumar ƙididdiga. Rigimar ba a kan kwandon take ba yawanci, tana kan tambayoyi biyu da ake wucewa da sauri, iyalin mutum nawa ake lissafawa, kuma mutum nawa ne ke kawo kuɗi a gidan. In aka ce gida mai mutum biyar ne kuma biyu ke aiki cikakke, an raba adadin gida biyu kenan tun kafin a fara ciniki, in kuwa aka ce mutum ɗaya ne ke ɗauke da kowa adadin zai haura har masu ƙananan kamfanoni su tashi daga teburin. Na taɓa zama inda aka kwashe yini biyu ana musu a kan farashin kaya ɗaɗɗaya, alhali wannan layin guda na adadin masu kawo kuɗi yana can ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe babu wanda ya taɓa shi, kuma shi ne ya yanke hukuncin komai. Ka nemi a nuna maka shi, ka tambayi daga wane bincike aka samo shi. A watan Fabrairun 2024 ƙwararru daga ɓangarorin uku sun zauna a Janiba suka cimma matsaya kan ma'anar albashin da zai ishi rayuwa, hukumar gudanarwar ILO ta amince da ita a watan Maris, kuma abinda na fi so a ciki shi ne an ce a lissafa shi a kan awannin aiki na ƙa'ida. Ma'ana mutum ba sai ya haɗa da aikin dare da na ranar hutu kafin ya ci da iyalinsa ba.

Ɗaya kwanon kuma akwai ma'aunin da ake yawan amfani da shi. Ka ɗauka an jera duk masu karɓar albashi a ƙasa layi ɗaya daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, ka je wurin mutumin da ke tsakiyar layin daidai ka tambayi albashinsa, to shi ake auna mafi ƙarancin albashi da shi. Ya fi a tara duka a raba da yawan mutane, saboda manyan daraktoci ƙalilan sai su ja lissafin sama. Tarayyar Turai a dokarta ta Oktoban 2022 ta ambaci kashi 60 cikin 100 na albashin mutumin tsakiya da kashi 50 na matsakaicin albashi, wato wanda aka tara duka aka raba, a matsayin misalin abin dubawa, Birtaniya kuma ta sa wa kanta burin kai kashi biyu cikin uku na albashin tsakiya a 2024. Sai dai kar ka ɗauko wannan ka manna ido rufe. A ƙasar da mutumin tsakiyar shi kansa talaka ne, kashi 60 na albashinsa yunwa ce, shi ya sa dole a haɗa shi da lissafin kwando. Haka kuma in binciken albashin manyan kamfanoni masu rajista kaɗai ya shafa, tsakiyar da zai ba ka ta ƙarya ce, ta fi ta gaskiya tsayi nesa.

Za su ce maka in aka ƙara albashi za a sallami ma'aikata. Kar ka yi fushi, kar kuma ka ce ƙarya ne tsagwaronta, dan akwai gaskiya a ciki amma tana da iyaka. A watan Afrilun 1992 jihar Niyu Jasi ta Amurka ta ɗaga nata daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pensilbaniya ba ta ɗaga ba, sai masana biyu David Card da Alan Krueger suka bi gidajen sayar da abinci na ɓangarorin biyu kafin ƙarin da bayansa, ba su ga raguwar ayyuka a inda aka yi ƙarin ba. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan binciken shekara da shekaru, amma shi ya buɗe ƙofa, kuma Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Birtaniya ta fara na ƙasa baki ɗaya a Afrilun 1999 da fam 3.60 a awa, Jamus a Janairun 2015 da yuro 8.50, duka biyun an yi ta hasashen asarar ayyuka mai yawa kafin a fara, kuma ba a ga irin abinda aka tsorata mutane da shi ba. Dalilin da na fi gamsuwa da shi shi ne, a wurare da yawa mai neman aiki ba shi da zaɓi, wurin aiki ɗaya ko biyu ne kusa da shi, gida kuma ba abinci, dan haka ana biyansa ƙasa da darajar aikinsa ne tun asali, in doka ta ɗaga shi kaɗan daga riba ake cira ba daga kujerarsa ba. Ga kuma raguwar masu ajiye aiki, wanda duk manaja ya san koya wa sabo aiki kuɗi ne. To amma fa duk waɗannan ƙarin na hankali ne da aka yi bayan lissafi. In aka ɗaga shi har ya kusa kamo albashin mutumin tsakiya a ƙasar da yawancin wuraren aiki ƙanana ne masu lallaɓa jari, abinda zai faru ba sallama kaɗai ba ce, mutane za su koma aiki ba takarda ba rajista, dokar ta zauna a littafi ita kaɗai. Na gani da idona, an yi murna a titi ranar sanarwa, bayan wata shida ka shiga wurin aiki goma da ƙyar ka samu biyu da ke biya. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Sashe na 4 shi ne na zaman da za ka shiga. Ya ce a yi cikakkiyar tuntuɓa da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki, kuma inda tsarin ya ba da hali su shiga cikin aikin yankewar kai tsaye, adadinsu daidai wa daida, tare da masana masu zaman kansu waɗanda aka tuntuɓi ɓangarorin kafin a naɗa su. Tuntuɓa ba ita ce a kira ka ranar Alhamis a karanta maka abinda za a sanar ranar Juma'a ba. Dole ta zo kafin yanke hukunci, a ba ka alƙaluman da gwamnati ke aiki da su, a ba ka lokacin komawa wurin mutanenka. Hukumar Birtaniya da aka kafa a 1997 mutum tara ne, uku daga ma'aikata, uku daga masu kamfanoni, uku masu zaman kansu, suna da ma'aikatan bincike nasu, suna fita rangadi su ji ta bakin masu ƙaramin albashi da masu ƙananan kasuwanci, duk shekara su ba gwamnati shawara a rubuce kowa ya karanta. Ba wai sun fi kowa hankali ba ne, a'a, duka ɓangarorin suna kallon takarda ɗaya ne, musun ya koma kan ma'anar alƙaluman maimakon kowa ya zo da nasa a aljihu. Wani abu kuma da ke damuna, waɗanda ke zaune a teburin galibi ba su ne masu karɓar mafi ƙarancin albashin ba. Mai gadi, mai shara, 'yar aikin gida, leburan gona, yawancinsu ba su da ƙungiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, dan Allah kafin zaman ka je ka zauna da irinsu ko mutum ashirin ne, ka tambaye su nawa ke shiga hannunsu a zahiri kuma awa nawa suke yi.

Yanzu ga inda nake so ka kafe ko da za ka sassauta a wani wuri, wato lokacin sake dubawa. Yarjejeniyar ta ce a riƙa daidaita shi lokaci zuwa lokaci, shawarar ta 135 ta ƙara da cewa saboda sauyin tsadar rayuwa da sauran yanayin tattalin arziki. Hauhawar farashi gara ce, ba ta ƙara ba ta sanarwa, adadin yana nan a takarda yadda aka rubuta shi amma cikinsa ya zama hoto. Ka duba Amurka da duk arzikinta, na gwamnatin tarayya dala 7.25 ne a awa tun Yulin 2009 saboda sai majalisa ta yi sabuwar doka kafin ya motsa, a shekara goma sha biyar ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na abinda yake iya saye, sai jihohi da birane ne suka yi ta ɗaga nasu. Faransa kuwa duk 1 ga Janairu ake daidaita nata da wani lissafi da ke cikin doka, kuma in farashi ya tashi da kashi 2 cikin 100 tun daga daidaitawar ƙarshe, ƙarin yana zuwa da kansa a tsakiyar shekara ba sai an yi zanga-zanga ba, a 2022 sau uku ya tashi. Barazil ta yi shekaru tana haɗa hauhawar farashin bara da bunƙasar tattalin arzikin shekara biyu baya. Inda ake jiran shekara huɗu ko biyar kafin a taɓa shi kuwa wasan ɗaya ne kullum, ma'aikata su sha wuya shiru har tura ta kai bango, su zo suna neman a ninka, masu kamfanoni su ce ina za mu samo ninki dare ɗaya, kuma ba ƙarya suka yi ba, a shiga yajin aiki, a sasanta a tsakiya, kafin a fara biya ma farashi ya cinye rabin ƙarin. Ƙaramin ƙari duk shekara ya fi wa kowa sauƙi, har shi mai kamfanin, tunda zai iya sa shi a kasafinsa tun da wuri. In aka ba ni zaɓi tsakanin adadi mai tsoka da babu ranar sake dubawa, da wanda bai kai shi ba amma doka ta ce duk shekara a zauna kuma ga lissafin da za a bi, na biyun zan ɗauka ban ko waiwaya ba.

Ka kuma bincika ko an ɗaure wasu abubuwa a jikin mafi ƙarancin albashin. Meziko ta daɗe tana lissafa tara da wasu kuɗaɗen gwamnati da bashin gidaje da ninkin mafi ƙarancin albashi, sai ya zama duk wanda ya taɓa shi ya taɓa komai, aka bar shi a ƙasa shekara da shekaru, sai a 2016 da aka raba su aka ƙirƙiro wani ma'auni daban sannan aka samu damar ɗaga shi sosai. Haka yake in an ɗaure shi da dukkan matakan albashin ma'aikatan gwamnati, ma'aikatar kuɗi ba lissafin mai shara take yi ba, lissafin abinda zai hau kan albashin manya take yi, sai na ƙasa ya biya bashin da ba shi ya ci ba.

Sai maganar su wa dokar ta rufa. Sashe na 1 yana so a rufe duk rukunin masu karɓar lada da ya dace a rufe, kuma ƙasar da ta cire wani rukuni dole ta lissafa su a rahotonta ta faɗi dalili. Ka karanta sashen togiya na dokarku kalma bayan kalma, nan ne ake zubar da mutane, a cire 'yan aikin gida, a cire na gona, a cire wurin da ma'aikata ba su kai adadi kaza ba, a cire na wucin gadi da masu koyon aiki, kafin ka ankara waɗanda suka rage a ciki su ne waɗanda dama albashinsu ya wuce adadin. Rahoton ILO kan albashi na 2020 zuwa 2021 ya nuna kashi 90 cikin 100 na ƙasashe mambobinta suna da mafi ƙarancin albashi, amma duk da haka mutum miliyan 266 ne ake biya ƙasa da shi, wasu dan doka ta cire su wasu dan ba a bin dokar. Yarjejeniya ta 189 ta 2011 ta ce a sa masu aikin gida cikin tsarin inda ake da shi, ta 100 ta 1951 kuma ta hana bambanta ladan mace da namiji a aiki mai daraja ɗaya, kuma in ka duba da kyau ayyukan da ake cirewa ko ake yanka wa adadi mafi ƙasa yawanci mata ne a cikinsu. In suka ce ba za a iya shigo da kowa lokaci ɗaya ba, ga misalin Afirka ta Kudu, a Janairun 2019 ta fara da rand 20 a awa, na gona 18, na aikin gida 15, sannan aka daidaita na gona a 2021 na aikin gida a 2022. Hawa mataki-mataki da ranar isa a rubuce abin karɓa ne, togiya mara ranar ƙarewa ita ce kar ka yarda. Katar ma a Maris 2021 ta fara riyal 1,000 a wata ga kowa ba bambancin ƙasa ko sana'a har da masu aikin gida, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci in mai aikin bai samar ba. Kar kuma a yawaita adadin, Indiya a ƙarƙashin dokarta ta 1948 sai da ta tara sama da dubu na jihohi da sana'o'i daban-daban, wanda ko sufeto sai ya buɗe littafi balle lebura.

Bari in ba ka abinda ya faru da ni. Na shiga wata masana'antar ɗinki duba aiki, manajan ya tarbe ni da fara'a ya buɗe min rajista, kowa albashinsa ya haura na doka. Da zan fita wata mata ta biyo ni har bakin ƙofa, ba ta ce komai ba ta zaro takardar albashinta daga bayan murfin wayarta, an ninke ta huɗu har ta fara yagewa a wurin ninkin, ta miƙo min hannunta na rawa. Ka ɗauka doka ta ce 100. A ƙasan takardar an rubuta 108. Na jingina da bango na fito da biro, 22 daga ciki kuɗin obatayim ne na daren da ta kwana a kan keke, 6 alawus ne na wanda bai yi fashi ko kwana ɗaya ba, ainihin albashin awanninta na ƙa'ida 80 ne, kuma a gefe da rubutun hannu an cire 5 na yunifom da aka tilasta mata saye. Na koma ciki, manajan yace ai yallaɓai jimilla ta wuce, kuma na ga alama shi har zuciyarsa ya yarda da hakan, saboda dokar lokacin ba ta fayyace me ake ƙirgawa ba. Tun daga ranar duk daftarin da ya biyo ta hannuna sai na nemi layin da ya ce adadin na awa nawa ne, me ke shiga lissafi me ba ya shiga. Obatayim ba ya shiga. Mai aikin ƙirga, wanda ake biya kan yawan abinda ya ɗinka ko ya tsinka, dole a tsara kuɗin ta yadda a awannin ƙa'ida zai kai adadin. Yarjejeniya ta 95 ta 1949 ta yarda a biya wani ɓangare da abinci ko masauki amma ɓangare kawai, da ƙima ta adalci, ta kuma taƙaita cire-cire daga albashi. Sashe na 2 na ta 131 ya ce adadin yana da ƙarfin doka kuma ba a rage shi, ko ma'aikacin da kansa ya sa hannu ya yarda da ƙasa da haka saboda matsi, wannan sa hannun ba ya wanke mai aikin.

Matar nan ba dan ta yi ƙarfin hali ba da na tafi na rubuta komai lafiya, kuma wannan shi ne raunin aikinmu. Sashe na 5 ya nemi isassun sufetoci da sauran matakai, Yarjejeniya ta 81 ta 1947 ta ba su ikon shiga wurin aiki ba sanarwa da kuma wajibcin ɓoye sunan wanda ya kai ƙara. Amma sufeto mara mota mara mai, wanda sai mai kamfanin ne zai aiko a ɗauko shi, me zai gani? Ka tambayi nawa ne tarar wanda ya karya dokar, in ta fi arha a kan biyan haƙƙin to ka san lissafin da za a yi. A Birtaniya bayan biyan bashin ma'aikaci ana iya cin tara har kashi 200 cikin 100 na abinda aka danne, kuma gwamnati na wallafa sunayen kamfanonin, a Jamus jami'an kwastan ne ke bin sawu. Mafi arha cikin duka matakan kuma shi ne kowa ya san adadin, a rediyo, a bangon wurin aiki, cikin harshen da mutane ke ji. Masana a Barazil sun lura cewa ko masu aiki ba rajista suna ciniki da adadin hukuma a bakinsu, yana haska musu hanya kamar fitila duk da doka ba ta kai gare su ba.

Ka riƙe kuma cewa wannan daɓe ne ba rufi ba. Bai kamata ya zama albashin kowa ba, sama da shi aikin cinikin ƙungiya ne da masu kamfanoni, wanda yarjejeniyoyi na 87 da 98 suka kare. Suwidin da Danmak ba su da adadi na doka sam, yarjejeniyoyin ƙungiyoyi ne ke rufe mafi yawan ma'aikata, kuma ILO na kallon hakan a matsayin hanya karɓaɓɓiya matuƙar suna da ƙarfin doka.

ILO ba ta da 'yan sanda, ba za ta zo ta kama kowa ba, amma akwai ƙofar da ƙungiyoyi da yawa ba sa amfani da ita. Ƙasar da ta rattaba hannu kan yarjejeniya tana aika rahoto lokaci-lokaci, dole ta ba manyan ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki kwafin rahoton, ku kuma kuna da damar aika naku bayanin kai tsaye zuwa Janiba kafin 1 ga Satumba, kwamitin ƙwararru da ke aiki tun 1926 zai duba ya yi wa gwamnati tambayoyi a rubuce a bainar duniya. Dan haka kafin zamanku na farko ka bincika cikin ta 26 da ta 99 da ta 131 da ta 95 wanne ƙasarku ta sa wa hannu, duk suna shafin ILO na intanet kyauta tare da abinda kwamitin ya taɓa faɗa a kanta. Ka buga su, ka haɗa da alƙaluman farashi tun daga ranar da aka yi ƙarin ƙarshe zuwa yau, da takardun albashi na gaske ko guda goma ne, ka goge sunayen masu su kafin ka ajiye su a kan teburin.